Matar da ke Kiran Ɗana da Sunansa

Duk wanda ka tambaya a layinmu na Zongon Kotonu zai ce maka Adda Sahadatu mutuniyar kirki ce. Ni ma ban musa ba. Abin da ke ƙara mini haushi ke nan, domin da muguwa ce da na samu abin kai ƙara wajen jama'a. Tsohuwa ce doguwa mai ciwon gwiwa, tana haya a ɗaki ɗaya mai rumfar kwano a bayan babban masallaci, kuma a ƙarƙashin rumfar nan ɗana ya fito da haƙorinsa na farko, ya yi rarrafe, ya miƙe ya taka, ni kuwa ina can unguwar Kajehun ina miƙa wa mutane maganin zazzaɓi ta saman kantar shago. Sunana Labiba, a wani farmasi nake aiki. Kishin tsohuwar nan nake yi, kishi mai zafi, kuma tunda labarin rayuwarta zan bayar gara in faɗi haka tun daga farko, kada wani ya ga na rage mata wani abu ya ce mantuwa ce.

A Kandi aka haife ta, can arewa, a gidan masu shanu. Mijinta Mumuni fataucin shanu yake yi, ya loda su a kamiyo, babbar motar kaya, ya gangaro da su Kotonu, har ranar da hawa da sauka ya ishe shi, ya kama ɗaki a Zongo ya aika aka kawo masa ita. Ta ce ranar da ta fara ganin teku ta ɗauka ambaliya ce ke tahowa, ta damƙe rigar Mumuni tana salati, shi kuwa ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Wannan labarin na ji shi ya fi a ƙirga, kuma kowane lokaci ita ke riga kowa yin dariya.

Sana'arta ta farko tallan wagashi, cukun nan na Fulani da ake rina bayansa ja da karan dafi. Direbobin shanu ke sauko mata da shi, ta tafasa, ta jera a faranti, ta ɗora a ka. Daga Zongo ta bi ta Jonke, ta gangara Ganhi wajen ofisoshi, ta biyo ta bakin kasuwar Tokpa ta dawo gida, duk a ƙasa, don a ganinta hawa zemijan, wato babur ɗin haya, zubar da ribar faranti ne. A wannan yawon ta tsinci Faransancin ciniki da yaren Fon na zagi, har yau da su take amfani. A wannan yawon kuma gwiwoyinta suka ƙare. Lokacin da Mumuni ya rasu, ta riga ta kai ba ta iya ƙetare kwata sai ta dafa bango, sai farantin ya koma na wanke-wanke.

Rainon yara kuwa ba shiri ta yi masa ba. Wata maƙwabciyarta mai sayar da atamfa a kasuwar Misebo ce ta ajiye mata jaririya, wai za ta je ta dawo yanzun nan. Ba ta dawo ba sai da aka kira magariba. Ta tarar an yi wa yarinya wanka, an ba ta koko, an shafe ta da man kaɗe, tana barci a cinyar Adda. Washegari ta sake kawo ta, ta haɗo da sabulu da kwanon shinkafa. Kafin watan ya mutu rumfar ta cika da 'ya'yan mata masu fita nema, na 'yan kasuwa da na telolin Jonke da na masu aikin biro, wato ofis. Babu allo a ƙofa, babu takarda, babu rigar makaranta. Tsohuwar ƙofar katako ce aka kwantar a bakin rumfar don kada masu rarrafe su fice, sai tabarmi, sai kujerarta 'yar tsuguno da ba ta tashi daga kai sai dole.

Ni ban taɓa tsammanin zan kai ɗana can ba. Ina da ciki ina wucewa ta gaban kireshin Kajehun, gidajen rainon nan masu bango mai zanen giwa da raƙumin dawa, ina kallon matan manya suna sauke 'ya'yansu daga mota, ina cewa a raina nawa ma nan zai zo. Da hutun haihuwata ya kusa ƙarewa na ci ado na je tambaya. Madam ɗin wurin ta karɓe ni da fara'a, ta zagaya da ni, ta nuna mini ƙananan gadaje da na'urar sanyi, sannan ta zaunar da ni ta fara bayani da Faransanci mai laushi. Kuɗin wata kaɗai ya haɗiye fiye da rabin albashina. Ban da na rajista, ban da madara da kunzugu da ni zan kawo, kuma in na makara da yamma akwai tara. Na tambaya ko ana ragi, ta yi murmushi irin na wanda aka tambaya ko ana sayar da jirgin sama bashi. Na leƙa wani a Fijirose, na aika aka tambayar mini wani a Kalabi, duk kanwar ja ce, na Kalabi ma kuɗin mota zai cinye abin da aka rage.

Gida kuwa ba wanda zan bar wa. Mahaifiyata ta rasu ina budurwa. Mijina Kamilu direban kamiyo ne, tun da hanyar Nijar ta rufe aikinsa ya zama yau akwai gobe babu, kullum yana bakin tashar jirgin ruwa yana jiran lodi, albashina ne ke riƙe da tukunya. A gidansu muke zaune, gidan gado mai ɗakuna a jere, kuma babbar gidan ita ce Gwaggo Zahida, ƙanwar mahaifinsa, mai sayar da goro a Tokpa. Da na ɗan gwada mata zancen sai ta ce ita ta gama raino tun kafin a haife ni, yanzu Makka ta sa a gaba. Wasu suka ce in aika ƙauye a kawo mini 'yar yarinya, na ce ita kuma wa zai raine ta. Daga ƙarshe Gwaggon ce da kanta ta ce in kai shi wurin Sahadatu, abin da ka ba ta shi take karɓa.

Ranar farko na same ta tana tsince wake, yara sun kewaye ta. Na gaishe ta, na kwance goyo, ta miƙo hannu ta karɓe shi ta ɗaga shi sama tana dubawa kamar mai sayen rago.

"Mi sunanshi?" ta ce.

Na sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Kamilu aka sa masa, kunya biyu ke nan a kaina. Na ce, "Mai sunan Alhaji ne, Adda."

"Alhazai sun yi yawa Zongo, ɗiyata. Ko mai gyaran taya na bakin layi Alhaji ne. Wane daga ciki?"

Na shiga murza bakin gyalena. Ta ƙura mini ido, can ta gane.

"Af, ke ce matar Kamilu. Ɗan Alhaji Ridwanu mai goro. To, wanga Ridwanu ke nan." Ta juyo da fuskarsa gare ta. "Ridwanu! Ni dai ba surukina ba ne, ba ubana ba ne, kuma ba ni na haife ka ba. Ridwanu, Ridwanu, barka da zuwa."

Tun ranar suna ban sake jin an faɗe shi haka a fili ba. Kamilu Abba yake ce masa, yaran gida ma Abba, Gwaggo kuwa Yaya take kiransa saboda sunan yayanta ne. Ni ko Abban ba na faɗa a gaban mutane, sai dai kai, ko wannan, ko yaron nan. Haka na ga mahaifiyata ta yi da babban wanmu har ta koma ga Allah, kuma da wannan aka yi ta yabonta a zaman makoki. Yanzu ma da na rubuta sunan, a bakin Adda na sa shi. Na fito daga rumfar na tare zemijan, ban san ina hawaye ba sai da mai babur ɗin ya tambaye ni ko an yi rasuwa.

Sai a hankali na gane sunan nan shi ne kayan aikinta. Mace ce da ba ta iya bin yaro da gudu, don haka da murya take riƙon su. Kowane cokalin koko da za ta kai bakin yaro sai ta kira cikakken sunansa, ba ta yankewa, ba ta laƙabi. In za ta yi masa wanka ta kira, in za ta kwantar da shi ta kira, in ya yi abin kirki ta ja sunan kamar waƙa. Kafin yaro ya fara tafiya ya riga ya san in muryar nan ta ambace shi tsayawa ake yi a waiwayo. Na sha ganin yaro ya ɗaga ƙafa zai haye ƙofar katakon, tana can tana ɓare masara ba ta ko ɗago kai ba, ta ambaci sunansa sau ɗaya, ya sauke ƙafar ya dawo. Iyaye mata suna ta cewa baiwa ce. Ni dai na ce aiki ne irin na mai kiwon kaji, amma a raina na so a ce ni ke da shi.

Ku duba rabon da aka yi mana ni da ita. Da sassafe nake saɓa shi a kafaɗa yana magagin barci in kai mata. Ita ke da shi da hantsi lokacin da yake dariya, ita ke da shi da azahar, ita ke da shi da la'asar. In na ɗauko shi da yamma na shigo gida, tsakar gida cike take da idanu, Gwaggo na kan tabarmarta tana yayyafa wa goro ruwa, matan ƙannen Kamilu na girki. A nan ba ni da ikon in ɗaga shi sama in yi masa wasa, sai dai in dire shi in wuce kamar na ɗauko wa wani saƙo. In ya faɗi ya yi kuka, wata ce za ta ɗauke shi, ni in kau da kai, a ce Labiba akwai kara. Kafin in gama aikin gida mu shiga ɗaki ya yi barci. Abin da ya rage mini shi ne in sunkuya in shinshina wuyansa, nan ma ƙamshin man kaɗe da hayaƙin murhun Adda nake ji.

Kuma ba ta iya ɓoye farin cikinta ba, wannan ma laifi ne a wurina. Ina isa za ta tare ni da albishir. "Ɗiyata, yau Ridwanu ya taka! Daga nan har wurin randa, wallahi da ƙafarshi." Sai in ce madalla, in yi murmushin yaƙe. Kalmarsa ta farko Adda ce, wannan ba sai na faɗa ba. Abokan aikina na farmasi, 'yan Fon, sukan nuna mini hotunan 'ya'yansu a waya suna sumbatar gilashin, suna kiran sunayensu da ƙarfi a gaban kowa, su ma ina jin haushinsu. Na san ba Adda ce ta tsawwala kuɗin kireshi ba, ba ita ta rufe hanyar Nijar ba, ba ita ta ƙirƙiro kunyar ɗan fari ba. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma ita ce nake gani kullum safe da yamma. Ni ke biya ƙarshen wata, ita ake so, har da ta ƙara kuɗi saboda tsadar gawayi da masara ban yi musu ba, na biya ina cizon yatsa.

Abin da ya kai ni bango wata Lahadi ce da zazzaɓi ya kama shi, yana da shekara biyu da 'yan watanni. Na auna maganin a cokali yadda ya kamata, ni da nake koya wa iyaye wannan kullum, ya datse baki. Na lallaɓa, na tsawata, na matse hancinsa, ya furzo mini shi a fuska yana kuka yana kiran Adda. Kamilu ya ce in daina wahalar da yaro in kai shi. Na goya shi na ratsa layi. Tana ganin mu ta karɓi cokalin, ta ce, "Ridwanu, ha." Ya buɗe baki ya haɗiye, ya kwantar da kai a ƙirjinta. Na tsaya riƙe da kwalbar magani kamar 'yar aike.

A watan nan ne kwasar adashinmu ta farmasi ta zo kaina. Da niyyar firiji na shiga, amma na kwashi kuɗin na kai kireshin nan mai zanen giwa. Ban ko yi wa Adda sallama ba, na aika aka ce mata an sa shi lakwal, wato makaranta. Na saya masa 'yar jaka da takalmi, na ɗauke shi hoto a bakin ƙofar, ranar na ji ni ma mace ce. Daɗin bai daɗe ba. Damina ce, kullum sai mun ratsa ruwa a kan zemijan, ina rungume da shi a tsakanina da mai babur ina addu'a. Ma'aikatan wurin ba su yi masa komai ba, suna da tsabta, suna da haƙuri, amma ya ƙi cin abincinsu, ya koma gefe ya zauna da jakarsa a baya yana kallon ƙofa. Ya rame har wuyansa ya fito. Ranakun da layi ya yi tsawo a farmasi na makara, tara ta hau. Kafin wata na biyu ya ƙare kuɗin adashi sun tafi, babu firiji, babu kireshi.

Na mayar da shi rumfar kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Na shirya jin gori, har na tanadi amsa. Yana hango ta ya zame daga hannuna, ya haye ƙofar katakon ya faɗa jikinta. Ta shafa haƙarƙarinsa, ta dube ni, ba ta ce uffan a kan inda muka je ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta jawo mini kujera ta ce in zauna, patiron ɗina, mai farmasin, ba zai mutu ba don na makara yau kaɗai.

A ranar ta ba ni labarin da ba ta cika bayarwa ba. Ashe tana da ɗa, guda ɗaya tilo, Daramanu, makanike ne a Lome, har ya yi furfura. Tana yaye shi a Kandi uwar mijinta ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba, ita kuwa ta riƙe kunya yadda aka koya mata, ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake. Ya tashi yana jin 'yan gidan suna ce mata Adda, shi ma ya bi sahu.

"Har yau Adda yake ce mini," ta ce, tana ba ɗana koko. "Shina aiko da kuɗi ran salla, shina gaishe ni da ladabi, yaron kirki ne. Sai da ya yi gemu na ce bari in kira shi da sunanshi. Na kira, ya dube ni, kunya ta kama shi, ya tashi ya fita. Ban sake ba." Ta goge wa yaron baki da gefen zaninta. "Ridwanu, saura kaɗan, ha."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ga darasin da zan ɗauka ba. Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba, tausayin ya raka ni har bakin titi. Amma ina hawa zemijan wani tunani ya ture shi. Wato ƙishirwar da ta kwana da ita tun daga Kandi, a kan 'ya'yanmu take kashe ta, mu kuma muna biyan ta ladan sha.

Gwaggo Zahida ta samu zuwa Makka a shekarar da yaron ya cika uku. Da ta dawo aka yi walima, aka kafa rumfuna a layinmu, aka jera kujerun roba, dangi suka zo daga Parakou da Porto-Novo. An tare layin ta gefen masallaci, amma ɗaya bakin a buɗe yake, yana fita kan babban titi inda 'yan zemijan masu rigar rawaya ke wucewa kamar an koro su. Adda ma ta zo, an kawo ta a hankali an zaunar da ita can ƙarshen rumfar mata da farantin shinkafa. Ni ina tsaye kusa da Gwaggo ina zuba wa baƙi zamzam a ƙananan kofuna, surukai sun kewaye mu.

Wani ya raba wa yara balan-balan. Iskar teku ta fizge na ɗana, ya bi shi. Ni na fara gani. Balan-balan ɗin na birgima zuwa bakin layi, shi yana binsa da gudu, hannu a miƙe, babu babba ko ɗaya a kusa da shi, ni kuma kujeru da mutane sun tare ni.

"Kai!" na ce. "Kai, yaro!"

Layi cike da yara, wane ne ba yaro ba. Na ce, "Abba!" Wannan kuwa kowa na kiransa da shi, ya saba yi masa kunnen uwar shegu. Ya kusa kwalta. Na saki butar zamzam, na buɗe murya iyakar ƙarfina a gaban Gwaggo da dangin mijina kaf.

"Ridwanu!"

Kowa a rumfar ya waiwayo ya dube ni, ban da shi. Ko gezau bai yi ba, ƙafarsa ɗaya ta riga ta hau titi.

"Ridwanu."

Daga ƙarshen rumfa ta fito, ba ta ma kai tawa ƙarfi ba. Ya tsaya cak, ya juyo. Wani zemijan ɗauke da buhun gawayi ya wuce dab da shi, ya take balan-balan ɗin ya fashe. Ƙarar ta firgita shi, ya fashe da kuka ya kwaso da gudu. Na riga na ture kujeru na fito fili, na durƙusa na buɗe hannuwa. Ya kewaye ni kamar an kafa turmi a hanya, ya wuce ya faɗa cinyar Adda.

Aka yi ta salati, ana Allah ya kiyaye. Da hankali ya dawo sai aka dawo kaina. Gwaggo ta gyara sabon mayafinta na Makka ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji, "Labiba, sunan Yaya ne a bakinki haka gatsal? Ɗan fari kuma?" Wata daga Parakou ta ce ai matan biro sai a hankali. Wata ta ce a yi mini uzuri, firgita ce. Na tsinci butar na ba Gwaggo haƙuri, na koma zuba zamzam. Maganarsu ba ta dame ni ba ko kaɗan. Na zubar da kunyar da na riƙe tun ranar suna, a gaban duk wanda nake riƙe ta dominsa, kuma yaron ko waiwaye bai yi ba. Na hango Adda tana share masa hawaye tana ba shi nama daga farantinta. Ta ceci ɗana, na sani, na je na durƙusa na yi mata godiya kafin a tashi, kuma ban taɓa jin zafinta kamar lokacin da nake godiyar ba.

Ranar Litinin dole na shirya shi, don ba ni da wani wurin kai shi, farmasi kuma ba ya jira. Yanzu ya girma da goyo, da ƙafarsa yake tafiya yana riƙe da yatsana. Tsakanin gidanmu da na Adda akwai wani lungu a bayan bangon masallaci, da safe babu kowa a cikinsa sai awaki. Da muka kai tsakiya na tsaya, na duba gaba na duba baya, na tsuguna har fuskata ta yi daidai da tasa. Bakina ya yi nauyi kamar ba jiya-jiya na kwarmata shi a bainar jama'a ba. Na faɗe shi a hankali, na ɗan ja shi yadda take ja.

"Ridwanu."

Wannan karon ya dube ni. Ya ƙura mini ido, ya karkata kai, ya saki yatsana.

"Wa ya gaya miki sunana?" ya ce. "Adda ce?"